Gitar Afiniki Bahaguwa

In ka je ƙauyukan gindin dutsen Kagoro ka ce kana neman Afiniki, sai an tambaye ka wacce. Masu wannan suna sun yi yawa a ƙasar, har ana cewa in ka jefa tsakuwa cikin taron Zumuntar Mata da wuya ba ta faɗa kan ɗaya ba. Amma kana cewa Afiniki mai gita, ko ɗan yaye zai nuna maka gidanta.

Gajeriyar mace ce kakkaura, mai tafiya kamar kullum an aike ta. Noman citta ne sana'arta, ta noma, ta tona, ta tsaga, ta shanya a kan fa. A coci kuwa ita ke buga tulu a Zumuntar Mata, kuma mata sun shaida ba ta taɓa ɓata musu kiɗa ba.

Bahaguwa aka haife ta. Uwarta ta rasu tana ƙarama, sai yayar ubanta, Gwaggo Hellen, ta ɗauke ta riƙo. Gwaggo Hellen ba muguwa ba ce, kada a yi mata ƙarya, amma ta rantse ba za a ce 'yar da ta rena tana miƙa wa manya abu da hagu ba. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi," in ji ta. In za a ci tuwo sai ta ɗaure wa yarinyar hannun hagu a baya da igiyar rama, har igiyar ta bar mata tabo a wuyan hannu. Haka Afiniki ta koyi ci da dama, gaisuwa da dama, karɓa da dama. Sai in tana gona ita kaɗai ne wuƙar tsaga citta ke komawa hagu da kanta.

Mijinta Martins kafinta ne, kuma shi ne mai gitar ƙauyen. Al'adarsu ce, kafin a kai yarinya gidan miji a taru a gidan iyayenta da yamma a yi mata addu'ar sallama, a yi mata faɗa, a sa mata albarka. A irin wannan taro Martins kan yi wa kowace yarinya waƙa da sunanta. Ta 'yarsu Joanna kuwa tun tana firamare ya tsara ta, yana rerawa yana goge katako, har Afiniki ta haddace ba tare da ta yi niyya ba. Yakan ce wa yarinyar, "Taki na ajiye, ranarki kawai nake jira."

Bai ga ranar ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi a daminar 1988. Bayan makoki 'yan'uwansa suka zauna rabon kaya, domin kayan namiji na mazan gidansu ne. Suka kwashe zarto da guduma da keke, har da gitar. Ƙanensa, wanda bai san gabanta da bayanta ba, ya rataya ta a kafaɗa ya shiga motar Legas. Afiniki tana kallo, ba ta da bakin magana, amma abin ya ci mata rai ƙwarai.

Shekara ta zagayo, wani malamin makaranta daga Zonkwa ya nemi auren Joanna, aka sa rana sai Disambar baɗi. Wata safiya suna sussukar acca, Joanna ta ce, "Mama, ni tawa sallamar shiru za a yi ta ke nan."

Afiniki ta ajiye taɓarya. "Wa ya gaya miki?"

"To wa zai yi mini waƙar Baba?"

"Ni."

Joanna ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Shugaban mawaƙan coci, Alexander, da ya ji labari, ya zo har gida ya ce shi zai buga, ai ya ɗan iya. Afiniki ta gode masa, ta ce, "Kwayamasta, waƙar gida ba a ba da ita haya. Kai dai ka raka ni Kafanchan in na sayar da citta, ka kuma koya mini."

Da ta sayar da citta suka shiga bas. Suka fara da kantin littattafai inda ake rataye sababbin gitoci. Da aka faɗa mata kuɗin guda, Afiniki ta ce wa mai kantin ya gaida gida. Daga nan aka kwatanta musu rumfar Malam Jamiluddeen can wajen tashar jirgi, mai gyaran rediyo da sayar da kayan hannu, irin waɗanda ma'aikata ke saki in an yi musu canjin wurin aiki. Alexander ya ɗan ja baya, domin tun rikicin addini na 1987 Kirista da Musulmi da yawa sun rage shiga shagunan juna. Afiniki ta ce ita gita ta zo saya, ba shari'a ta zo yankewa ba. Ta yi gaba, dole ya biyo ta.

Gita uku ke rataye a rumfar. Ɗaya wuyanta ya karkace, ko makaho ya shafa ya sani. Ɗaya ja ce, babba, tana sheƙi. Ta ukun 'yar ƙarama ce, fentinta ya kwaɓe, ga ƙunar taba a gefe. Idon Alexander ya faɗa kan jar, ya ɗauko ya kaɗa, ya ce, "Maman Joanna, wannan ita ce ta shiga taro."

Afiniki ta karɓa da hannu biyu. Ba ta san komai a kan gita ba, amma ta san tukunya. Ta juya bayanta, ta kanga kunne, ta ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa yadda mata ke yi wa tulu a kasuwa. Ta sake ƙwanƙwasa wani gefen. Ta ce, "Wannan ta tsage."

"Haba Mama, ba tukunya ba ce fa," in ji Alexander.

Malam Jamiluddeen ya cire tabarau yana murmushi. "Gaskiyarta. Ta taɓa faɗuwa, aka liƙe aka shafe da fenti. Da kun zo ciniki da na faɗa muku."

Ta ƙwanƙwasa ƙaramar, ta amsa mata garau. Alexander ya runtse ido ɗaya ya leƙa tsawon wuyan, ya ce a miƙe yake. Malam Jamiluddeen ya nuna mata cewa tsirkiyoyinta na roba ne, ba sa yanka yatsun mai koyo, kuma suna kusa da katako, dannawa ba wuya. "Ga ta daidai cinyarki, Mama. Waccan ja ko lafiyarta ƙalau, sai kin yi ta miƙa kamar mai tsinkar mangwaro." Aka yi ciniki, ya rage mata, ta ɗaure gitar da zane ta goya ta a baya har tasha.

Koyo ya fara. Alexander ya nuna mata riƙo yadda kowa ke riƙewa, hagu na danna tsirkiya a wuya, dama na kaɗawa. Dannawar ba ta ba ta wahala ba. Yatsun da suka saba da citta ba su san zafi ba, kafin a yi shuka ta iya kamun tsirkiya iri uku da waƙar ke bukata. Matsalar na wajen kaɗawa. Hannun dama ya ƙi. In ta saukar da shi sai ya riga waƙa, in ta ɗago sai ya makara, kamar mai korar kaji daga shanya. Matar da ke riƙe wa Zumunta guda kiɗa da tulu, ga ta ta kasa riƙe kiɗan waƙa ɗaya.

Maƙwabta suka samu abin yi. In ta fara, sai wata ta leƙo ta katanga ta ce, "Afiniki, akuyarki ce ke haihuwa?" Ba ta kula su ba. Damina ta yi nisa, masara ta nuna, kiɗa bai gyaru ba. Ranar nan Alexander ya ajiye numfashi ya ce, "Maman Joanna, ba kowa Ubangiji ya ba wannan baiwa ba. Ki bar ni in buga, ke ki rera." Joanna ma ta ce, "Mama, ki huta haka nan, na yafe." Wannan kalma ta yafewa ta fi duk ba'ar maƙwabta yi mata ciwo.

Sai ta koma goya gitar zuwa gona, inda ba mai leƙe. Wata rana da azahar ruwa ya tare ta a bukka. Ta gwada, ta gwada, abin ya ƙi. Haushi ya kama ta, ta ɗaga gitar kamar za ta maka ta da ƙasa, sai ta tuna cittar da ta sayar kafin ta same ta. Ta mayar da ita kan cinya, amma a juye, wuya ya koma dama. Ba ta yi tunanin komai ba, hagu ya sauka kan tsirkiyoyin yadda yake sauka kan wuƙa. Kiɗa ya fito. Sautin ba daidai ba ne, domin tsirkiyoyi masu kauri sun koma ƙasa, amma bugun yana tafiya tiryan-tiryan, ba gaggawa ba makara. Ta yi ta kaɗawa har ruwa ya ɗauke, tana kuka, ita kanta ba ta san ko na murna ne ko na takaici ba.

Washegari tana Kafanchan. Ta ajiye gitar gaban Malam Jamiluddeen ta ce, "Malam, ni bahaguwa ce." Tun da ta yi wayo ba ta taɓa faɗa wa kowa da bakinta ba.

"To sai me? Autana ma bahago ne," in ji shi. Ya kwance tsirkiyoyin, ya goge 'yar gadar da suke hawa, ya mayar da su a juye. Yana ɗaurewa ya ce, "Amma fa ki sani, dannawar da kika koya ta tafi. Yatsun dama daga farko za su fara, ga Disamba ta ƙarato."

"In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza," ta ce, ta goya abarta.

Alexander bai ji daɗi ba. Ya ce bai taɓa ganin an buga gita haka ba, ga dattawan ikilisiya, ga surukai za su zo daga Zonkwa. Duk da haka bai guje ta ba, yakan zauna gabanta ta kwaikwaye shi kamar mai duba madubi. Labari ya kai kunnen Gwaggo Hellen, wadda a lokacin ta tsufa sai da sanda. Ta aiko cewa kada Afiniki ta kuskura ta ba su kunya gaban baƙi, a ce gidan da za a ɗauki amarya ba su san dama da hagu ba. Afiniki ta ce a gaida Gwaggo da kyau. Ta ci gaba da tonon citta da safe, da rana ta danna tsirkiya har yatsun dama suka kumbura, suka sace, suka yi kanta.

Ranar sallama gida ya cika. Fasto ya yi addu'a, mata suka yi wa amarya faɗa, mawaƙa suka yi nasu. Joanna na zaune kan tabarma a tsakiya, an lulluɓe ta da sabon zane. Gwaggo Hellen na kan kujera kusa da surukai. Afiniki ta fito daga ɗaki da 'yar gitarta mai ƙunar taba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta zauna kan turmi, ta ɗora ta a cinya, wuya ya nufi dama. Aka fara gunaguni, wata daga cikin baƙi ta taɓa 'yar'uwarta.

Ta kaɗa. Muryarta ba ta mawaƙa ba ce, ta mai kiran awaki ce, amma bugun ya zauna daram.

"Joanna, tashi ki je, hanya ta yi kira,
Na sassaƙa miki ƙofa, ban sa mata sakata ba.
In kin ji daɗi ki zo ki faɗa mana,
In kin sha wuya ki zo, ba mai tambayarki."

Tun a layi na biyu Joanna ta yaye lulluɓi tana kallon uwarta, hawaye na zuba. Waɗanda suka san Martins suka sunkuyar da kai. Sau ɗaya yatsun dama suka kuskure, Afiniki ta wuce abinta ba ta tsaya ba.

Ana cikin haka Gwaggo Hellen ta dogara sanda ta miƙe. Ta tako a hankali har gaban turmin ta tsaya. Alexander ya rufe ido. Afiniki ta ga ƙafafun tsohuwar, ta san su sarai, ta ƙi ɗagowa sai da ta kai waƙar ƙarshenta.

Gwaggo Hellen ta kama hannun hagun, ta juya shi, ta daɗe tana duban tabon igiyar. Ta shafa shi da babban yatsa.

"Ashe abin da na ɗaure ke nan," ta ce.

Fasto ya ce lokaci ya yi da uwa za ta sa wa 'yarta albarka. Joanna ta matso ta durƙusa. Afiniki ta ɗaga dama yadda aka saba, amma tsohuwar ba ta saki hannun da ta riƙe ba. Ta ja shi da kanta ta ɗora a kan Joanna, ta danne da nata.

"Da wannan za ki sa mata," in ji Gwaggo Hellen. "Shi ya cika alkawarin ubanta."