Rijiyar Mai Masaukina

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya aka rarraba mu garuruwa, kowa ya yi wata uku yana koyon aiki cikin jama'a. Ni Kalgo aka tura ni, a daminar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Ɗan Gwandu ne ni, ban san kowa a Kalgo ba, amma mahaifina yana da amini can, wani malami da suka yi karatun zaure tare tun suna samari. Ya rubuta masa takarda da ajami, ya ce in kai hannu da hannu.

Malam ya karanta, ya naɗe, ya ce, "Ai gida ka zo." Ya ba ni ɗaki kusa da zaure. Matarsa, wadda nake kira Inna, ba ta taɓa bari na fita da safe ban sha kunu ba, da yamma kuma tuwon shinkafa da miyar kifi na jirana a rufe.

Aikin da aka ba mu ba mai wuya ba ne a takarda. Ka zana taswirar unguwar da kake zaune, ka sa kowace rijiya da kowace salga, ka auna tsakaninsu da taku, sannan ka faɗa wa masu gida abin da ka gani kafin ka rubuta rahoto. Malaminmu na makaranta ya sha maimaita mana cewa in tsakanin bai kai taku talatin ba, balle a ce salgar ce a tudu, to ƙazanta tana bin ƙasa tana shiga ruwan.

Rijiya mafi kyau a unguwar ita ce ta ƙofar gidan Malam. Shi ya gina ta sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu, ya ɗaure bakinta da siminti. Ruwanta garau, ga sanyi, duk unguwa nan suke ɗiba. Salgar gidan kuwa tana bayan katanga, ta wajen tudu. Na auna na samu taku goma sha ɗaya. Na sake aunawa ina rage tsawon takuna da gangan, na samu goma sha huɗu. Na bar gurbin adadin takun a taswira babu komai.

Kullum da hantsi ina ɗakin shan magani na garin, ina koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yara masu gudawa. In na tambayi matan unguwarmu inda suke ɗibar ruwa, sai su ce, "Rijiyar Malam," da muryar wanda ya san ya yi daidai. Ni kuma in gyaɗa kai, in ci gaba da nuna musu yadda ake ɗibar gishiri da yatsa uku.

Na daina shan ruwan gidan. Nakan ciko kwalba a famfon da ke kusa da ɗakin shan magani, in ɓoye ta cikin jaka. Ba a yi mako biyu ba Inna ta lura tulun da take ajiye mini ba ya raguwa. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, ruwanmu ne bai yi maka daɗi ba?"

Na ce, "Yana da daɗi, Inna." Na cika moɗa na shanye a gabanta. Daga ranar na koma shan ruwan gidan, don ta riƙa duba tulun.

Wata Juma'a na je Gwandu na kwashe komai na faɗa wa mahaifina, ina fatan shi zai yi wa amininsa magana. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Abincin wa kake ci a Kalgo?"

Na ce, "Nasa, Baba."

"To shi za ka je ka ce wa sadakar da ya yi wa uwarsa ƙazanta ce? Makarantar nan shekara nawa za ka yi cikinta? Ni na haura shekara arba'in tare da mutumen nan. Kada in ji."

Na koma Kalgo da wannan. Bayan 'yan kwanaki malaminmu na makaranta ya zo duba ni a kan babur. Ya buɗe taswirar, yatsansa ya tsaya daidai gurbin. Na ce ban auna ba tukuna. Ya zagaya bayan katangar ya dawo, na ga yana ƙirge da leɓe. Na roƙe shi ya shiga ya yi wa Malam bayani da kansa.

Ya ce, "In ni na faɗa, hukuma ce ta zo ta ci masa fuska. Kai ɗan gida ne. Kuma aikin ke nan da kake koyo, ba zane ba. Ba zan karɓi rahoto da gurbi ba."

Haka na yi ta kwana ina tashi. Da safe in gaida Malam a zaure, maganar ta zo mini har baki, sai ya tambaye ni ko sauro ya bar ni na yi barci, in ce lafiya lau, in fita. Na yi tunanin rubuta talatin a gurbin. Na yi tunanin barin makarantar ma ɗungurungum.

A mako na bakwai ciwon ciki ya kwantar da ni, kwana uku ina zarya bayan katanga. Ba zan rantse cewa ruwan ne ba, don na ci abincin kasuwa ma. A rana ta uku da la'asar Malam ya shigo da allo da ƙoƙo. Ya yi mini rubutu, ya wanke da ruwan da aka jawo a lokacin, ya miƙo mini. Na riƙe ƙoƙon da hannu biyu, na kasa kai shi baki.

Ya ce, "Mi ya faru?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ko Inna za ta tafasa mini shi tukuna?" Daga nan ban iya tsayawa ba. Na faɗi komai, kaina a ƙasa: takun, tudun, da matan da ke zuwa da yara.

Na zaci zai ce na raina shi. Sai ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun makon farko."

"Ka sani, ka bar ni ina kiran mutane su zo su ɗiba." Ya karɓi ƙoƙon ya fita. Can Inna ta dawo da shi da ɗumi, ta ajiye ba ta dube ni ba.

Bai rufe rijiyar ba, don babu wata kusa. Ya sanar bayan salla cewa a riƙa tafasa ruwan sha. Wasu suka yi, da yawa ba su yi ba, itace jiƙaƙƙe ne a damina. Ya ce da zarar ƙasa ta bushe zai cike salgar ya tona wata a ƙarshen gida, kuma na ji daga baya ya yi hakan bayan kaka.

Sauran makonni biyar ɗin sun fi na baya tsawo. Abinci bai fasa zuwa ba, gaisuwa ma haka, amma Malam ya daina zaunar da ni hira, ni kuma ba ni da wani gidan da zan koma. Na rubuta goma sha ɗaya a gurbin, na miƙa rahoto, aka ce na ci.

Ranar da zan tafi Malam ya raka ni bakin zaure kawai. Ya ce in gaida mahaifina, in kuma faɗa masa zai zo Gwandu da kansa, akwai maganar da za su yi. Na shiga motar Birnin Kebbi, har muka isa ina ta jujjuya yadda zan isar da saƙon.