Ummusalma da Wanda Ya Kashe Oga Kosiso

Idan ka ga Ummusalma tana warware saƙar da ta gama da hannunta, kada ma ka tambaye ta ko lafiya, don babu lafiyar. A makon nan sau uku tana warware hannun suwaita guda, ta wata 'yar firamare, har uwar yarinyar ta gaji da aike. Za ta zauna gaban keken saƙa ta ja shi hagu ta ja dama, sai ta miƙe zumbur ta ɗauki waya, ta ajiye, ta fita tsakar gida ta dubi hadari, ta dawo ta sake ɗaukar wayar. Mijinta Abdulfatah ya ce ta zama kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai. Ta ce ya ƙyale ta da abin da ya dame ta.

Abin da ya dame ta kuwa babi na talatin ne, babin ƙarshe na labarin da take turawa a wani zauren WhatsApp kowace Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Labarin kisan kai ne. An tsinci gawar wani mai sayar da kayan mota, Oga Kosiso, a tsohon kududdufin haƙar kuza, kuma zargi ya tsaya kan mutum biyu: Isa mahauci, da Mwadkon direban mamacin. Asabar mai zuwa dole ta faɗi wanda ya yi kisan. A wani garin wannan ba komai ba ne. A Jos kuwa, daga jin sunayen nan biyu kowa ya san wane ne ke zuwa masallaci, wane ne ke zuwa coci.

Bari dai in koma baya, don ku san ko wace ce ita. A unguwar Congo-Russia ta Jos aka haife ta, a wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya. Kakanta daga Zariya ya zo neman kuza, kuzar ta ƙare, shi bai koma ba. Ɗakin da ke kallon nasu na iyayen Firisila ne, kuma tare yaran biyu suka yi rarrafe. Uwar Firisila ce ta koya wa Ummusalma saƙa da ƙarfen tayar keke guda biyu da aka goge bakinsu a dutse, tana yi tana rankwashinta idan ta tsallake ƙulli. A gidan nan ta koyi shan gwate, faten accan mutanen Jos, da zafinsa, a nan kuma ta koyi gardama, don Firisila ba a kayar da ita a magana ko da gaskiyarka.

Rikicin 2008 ne ya watsa gidan. Ƙanin Ummusalma, Ashraf, ya fita neman burodi bai dawo ba. Yayan Firisila, Gyang, shi ma a ranar aka rasa shi. Ba a taɓa sanin wanda ya kashe ko ɗayansu ba. Su Ummusalma suka tattara suka koma unguwar Dutse Uku, su Firisila suka yi unguwar Abattoir, can wajen mahauta, ko sallama ba a yi ba. Ummusalma ta yi aure, ta haifi namiji ta mayar masa da sunan ƙaninta, ta sayi keken saƙa na hannu, ta shiga yi wa 'yan makaranta rigunan sanyi. Garin da sanyi ba ya ƙarewa ai mai saƙa ba ta rasa aiki.

Rubutu kuwa haushi ne ya jefa ta ciki. Mace ce mai son fim ɗin 'yan sanda da ɓarayi, irin masu dogon zango da ake sakewa a waya mako-mako, amma ba ta iya kallo bakinta a rufe. Sai ka ji tana faɗa da waya kamar da mutum: “Haba jama'a! Sati ashirin muna binku, ƙarshe a ce a mafarki aka nuna wa uwar yaron mai laifi? Ina hujja?” Littattafan da mata ke turawa a zaurukan waya su ma sun ishe ta, kullum attajiri mai mota shida da budurwa mai dara-daran idanu. Ranar da ta ƙosa ta ce wallahi ita ma za ta iya, ta rubuta labarin satar ragon layya mai babi biyar, ta tura wa mata tara. Ta kafa wa kanta doka guda tun ranar: duk abin da zai tona asirin mai laifi sai ta ajiye shi a fili cikin labarin, mai ido ya gani, marar ido ya sha mamaki.

Mata tara suka zama casa'in. Wata rana wata baƙuwar lamba ta shigo zauren ta rubuta, “Wannan ƙarya irin ta Ummu ce, na san hannunta.” Firisila ce, bayan shekara goma sha biyu. Ummusalma ta yi kuka har ulun da ke cinyarta ya jiƙe. Firisila ba ta zo ita kaɗai ba, ta jawo matan zumuntar cocinsu, su ma suka jawo nasu. Yanzu zauren ya haura mutum ɗari huɗu, kuma a sanin Ummusalma shi kaɗai ne wurin da Hajiya daga Dutse Uku da Mama daga zumunta za su kwashe awa biyu suna musu, a tashi da dariya. Ita da Firisila kullum suna waya, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa taka unguwarsu ba, ita ma ba ta zo tata ba. Zauren nan shi ne tsakar gidan da ya rage musu.

A babi na ashirin da bakwai ne abin ya fara wari. Wasu suka riƙa kwafar labarin suna yaɗawa, baƙi suka cika zauren, har da maza. Wani ya rubuta, “Muna nan muna kallo mu ga sunan wa za a kira.” Wata ta ce idan Isa ne, to Ummusalma ta sayar da mutanenta don a tafa mata. Wata daga can ɓangaren ta amsa da cewa idan Mwadkon ne ai dama an san a rina. Matan da suka shekara suna tsokanar juna suka yi tsit. Firisila ma, mai bakin da ba ya hutawa, kwana huɗu ba ta ce uffan a zauren ba, kuma wannan shirun ne ya fi komai tayar wa Ummusalma da hankali.

Ita kuwa tun kafin ta rubuta layin farko ta san mai kisan. Mwadkon ne. Ba don coci ba, ba don komai ba, sai don shi ne wanda kowa ya fi ƙauna a labarin, shi ne wanda ba za a taɓa zata ba. A wancan labarin da ya wuce wani Alhaji ne ya sa wa abokin cinikinsa guba, babu wanda ya ce kanzil. Amma wa zai tsaya tuna wannan yanzu?

Abdulfatah direban motar haya ne, Jos zuwa Bauchi, ya ga abin da ya gani a kan hanya. Ranar Alhamis ya zaunar da ita ya ce, “Maman Ashraf, garin nan ashana ɗaya yake jira. Ki ce mutumin nan santsi ne ya kwashe shi ya faɗa ruwa. Damina ce, kowa zai yarda. Isa ya tsira, Mwadkon ya tsira, mu ma mu tsira.”

“Baban Ashraf, babi ashirin da tara fa ina gina abin nan.”

“Gini nawa muka gani a ƙone? Ke dai ki yi tunani.”

Ta yi tunanin, ta kuma rubuta. Ta sa aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Oga Kosiso ya zame, likita ya tabbatar, Isa da Mwadkon suka rungume juna a ƙofar kotu. Tana gamawa ta ji kunyar kanta kamar wadda ta sayar wa marainiya riga mai huji. Ga babi biyu a waya, na gaskiya da na tsoro, ga Asabar ta ƙarato.

Ranar Asabar da hantsi ta yafa mayafi ta ce za ta sayo ulu. Ta hau keke napep zuwa kasuwar Terminus, ta wuce masu ulun ko kallonsu ba ta yi ba, ta sake hawa wani ta ce Abattoir. Ana yayyafi. Tun da suka bar tsakiyar gari take duban kowace fuska a bakin hanya, tana gyara mayafi, sau biyu tana buɗe baki za ta ce wa mai keken ya juya. Babu wanda ya ko kalle ta. Wannan ma ya ba ta haushi, shekara nawa tana tsoron hanyar da babu kowa a kanta sai masu tura baro.

Firisila tana da rumfar kayan lambu, kabeji da karas da dankalin turawa. Ta yi ƙiba, ta sa tabarau. Da ta ɗago ta ga mai zuwa sai ta saki mudun da ke hannunta.

“Yesu! Ummu? Ke ce da ƙafarki?”

“A'a, aljanata ce. Matsa in zauna.”

Suka rungume juna suna dariya suna share ido. Firisila ta ce ta rame kamar ƙarfen saƙa, Ummusalma ta ce ai duk naman ita ta kwashe, da yake kusa da mahauta take. Da aka gama tsiya, Ummusalma ta ciro waya ta buɗe babin santsi ta miƙa mata. Ta ce, “Karanta. Shi zan tura da yamma. Na ce ke ki fara gani.”

Firisila ta gyara tabarau ta shiga karatu. Ummusalma ta kasa zama, ta tashi ta jera mata karas ɗin da yake a jere. Can ta ji an ajiye wayar a kan benci da ƙarfi.

“Mene ne wannan?”

“Ƙarshen labari.”

“Ƙarya kike. Mwadkon ne ya kashe shi. Tun babi na shida na sani. Mutumin da bai taɓa fashin coci ba, ranar Lahadi da safe yana wanke mota har da cikin but? Kin ɗauka ni jaka ce?”

Ummusalma ta ce a hankali, “To me ya sa kika daina magana a zaure?”

“Don ina jin haushinki mana! Ina son yaron nan, kin sa na so shi, kuma na san abin da za ki yi masa. Shi ne za ki zo min da santsi? Abeg, Ummu.”

“Firisila, idan na kira sunansa matanku za su fita. Za a ce Bahausa ta nuna halinta. Ni ba zan iya sake rasa ki ba, wallahi ba zan iya ba.”

Firisila ta cire tabarau. Muryarta ta sauka. Ta ce, “Kin san me ya sa nake jiran ƙarfe huɗu duk Asabar? Gyang ya mutu, aka ce rikici ne ya ci shi. Ashraf ya mutu, aka ce rikici. Rikici yana da hannu ne? Mama ta mutu tana tambaya wane ne, babu wanda ya ba ta amsa. A labarinki ne kawai ake kashe mutum, a bi sawu, a kamo wani a ce kai ne. Yanzu a nan ɗin ma za ki ce min babu wanda ya yi?”

Yayyafin ya zama ruwa sosai, yana dukan kwanon rumfar. Suka zauna a benci ɗaya kafaɗa da kafaɗa, Firisila ta aika aka kawo musu dafaffiyar masara, babu wadda ta iya cin rabi. Abdulfatah ya kira sau biyu, ba ta ɗauka ba. Ƙarfe huɗu na cika ta buɗe babin gaskiya, ta yi bisimilla, ta tura.

Minti goma ba a ji komai ba. Sannan wayar ta fara nuna masu fita daga zauren, ɗaya bayan ɗaya, har da wata Mama da ta taɓa aiko mata da zuma daga ƙauye. Abin ya yi mata ciwo. Amma wanda ya fi ciwo wani ne daga nata ɓangaren da ya rubuto, “Alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta, haka suke.” Nan take ta cire shi daga zauren, ta cire wasu biyu da suka tafa masa. Ta san gobe a Dutse Uku za ta ji a jikinta.

Ta juya za ta nuna wa Firisila, sai ta tarar ba ta ma san ana yi ba. Tana duƙe kan tata wayar, tana bin layi da yatsa, leɓɓanta na motsi. Ta kai wurin da alƙali ya ɗago ya kira Mwadkon da cikakken sunansa, ya ce kai ne ka kashe shi. Ta karanta layin, ta koma ta sake karantawa a fili. Sai ta kifa fuskarta a cinyar Ummusalma ta fashe da kuka irin wanda aka daɗe ana riƙewa.

“Ko mutum ɗaya dai an kira sunansa, Ummu,” in ji ta. “Ko mutum ɗaya.”

Ummusalma ta riƙe ta, nata hawayen na sauka a kan ɗankwalin ƙawarta. Wata mata da lema ta tsaya bakin rumfar tana tambayar nawa ne kabeji. Ta tambaya sau biyu, da ba a amsa mata ba ta wuce rumfa ta gaba.