Rimot ɗin Bashir

Ana busa usur, ƙananan jiragen ruwa tara masu rimot suka kama iska suka yi gaba. Nawa kaɗai ya juya ya nufi bango.

Gasar tallafa wa marayu ce, a tafkin ban ruwa na wata gonar dabino a unguwar Awali. Jirgin na aminina ne, Injiniya Bashir, shi ya ƙera abinsa. Wata biyu ke nan da muka kai shi maƙabartar Baƙi'a, shi ne na ce zan tuƙa a madadinsa.

In na danna dama, jirgi ya yi hagu. Raina ya ɓaci, na ce wa 'yarsa Maryam, "Rimot ɗin nan ya lalace!"

Ta ce, "La, ya ammi, a'a Baffa, lafiyarsa ƙalau. Abba bahago ne, shi ya juya komai."

Shekara ashirin muna ci a faranti ɗaya. Da hannun dama yake ci, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Mu muka zo na ƙarshe. Wani ya ce bari ya gyara mini rimot ɗin, na hana.

Allah ya jiƙan Bashir. Ku fa, me kuka gano game da naku sai bayan ya tafi?