Madarar Da Ta Ƙi Kamawa a Hannun Yaya Dije

Wannan damina ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayata Dije, mai nono ta Ƙarfi, Allah Ya jiƙanta. Kowace shekara nakan yi mata addu'a in yi shiru. Bana ba zan iya shirun ba, saboda wani abu da jikarta ta nuna mini.

Wanda ya san kasuwar Malumfashi a wancan zamani ya san kindirmonta. Takan dafa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar nonon jiya wanda take kira iri, ta rufe ƙwarya da faifai. Da safe sai ka ga ludayi ya tsaya a ciki. Na sha nono a Sudan, na sha a Chadi, na sha na Indiya da suke kafawa a kaskon ƙasa, ban taɓa cin karo da wanda ya kai nata ba.

Wata damina na dawo daga tafiya na tarar shanun mijinta, Malam Buba, suna tari. Na zo da kwalaben allurar kashe ƙwayoyin cuta, masu ruwan ɗorawa, ina ji da kaina. Muka riƙa yi wa shanun a garke, duk wadda ta sake tari mu ƙara mata, har kaka ta shigo. Ba mu faɗa wa Dije ba, kuma ba ɓoyewa muka yi ba. A wurinmu lafiyar saniya ta maza ce, nononta na mata, ba wanda ke shiga hurumin wani.

Daga nan madararta ta daina kamawa. Ta kwana a rufe, a buɗe a tarar da ita tsululu. Ta aro iri a maƙwabta, ya mutu a ƙwaryarta. Ta sake arowa, ya sake mutuwa. Sai mata suka fara cewa hannunta ya ɓaci, wasu suka ce an yi mata baki. Aka daina ba ta aro, aka daina karɓar nata. Ina tsaye a tsakar gida ranar da ta fasa ƙwaryar da ta gada daga innarmu, wai ko a nan matsalar take.

"Ƙanena, kai da ka zaga duniya, ka taɓa ganin inda madara ta ƙi mutum?"

Na ce mata ta ƙara wanke ƙorai da kyau.

Da muka daina allura, nonon ya dawo, amma sunan bai dawo ba. Har ta bar duniya ba a sake aron iri a gidanta ba, kuma 'yarta ma da ta yi aure, ba a bari ta taɓa ƙwaryar nono a gidan miji ba.

Bayan shekaru, tun Dije tana da rai, a wata gonar shanu a ƙasar waje, na ga ana zubar da madarar saniyar da aka yi wa allura. Na tambaya, aka ce maganin yana fita ta nono na wasu kwanaki, yana kashe abin da ke sa nono tsami, kuma ba a so mutane su riƙa shansa, don kada cuta ta saba da magani. Na fahimta tun kafin mutumin ya gama bayani. Na dawo gida, na ci tuwo a ɗakinta sau da yawa. Kullum sai in ce a raina zan faɗa mata a zuwa na gaba.

Jikarta Rabi yanzu tana bincike a jami'a. Da ta zo wurina Funtua hutu, ta fito da wata 'yar takarda kamar tsinken ashana.

"Tsoho, sa tabaraunka, kada ka ce na yi maka rufa ido."

Ta ce a jikin takardar akwai ƙurar zinari, ƙanana ƙwarai, har madubin likita na yau da kullum ba ya ganinsu. An shirya su yadda in suka haɗu da ragowar magani a madara sai su dunƙule, launin ya juya. Ta ɗiga madarar da ta sa wa magani. Ja ya koma shuɗi a gabana, kafin shayina ya huce. Ta ce abin bai iso kasuwa ba tukuna, amma burinsu mai nono ta iya gwadawa da kanta.

Na daɗe ina kallon shuɗin nan. Na tambayi kaina me Dije za ta ce. Ina jin dariya za ta yi, ta ce ai ƙwaryarta ta riga zinarin faɗa, kowace safiya tana faɗa, mu ne ba mu iya ji ba. Daga nan sai ta juyo ta tambayi wa ya sa maganin. Wannan juyowar ce ba ta barina.

Na faɗa wa Rabi komai. Ba ta tsokane ni ba, abin da ban saba gani ba. Ta ce, "Kaka, ba ni ya kamata ka faɗa wa ba. Matan da suka yi maganar, wasunsu suna nan da rai."

Abin da ya rage na Dije shi ne wannan yarinya, da sunan da aka ɓata ba da laifinta ba. Na farkon ba ya buƙatata. Na biyun yana hannuna. Malam Buba ya riga mu gidan gaskiya, saura ni kaɗai cikin waɗanda suka riƙe sirinjin. Don haka duk wanda wannan jarida ta isa hannunsa a Ƙarfi, ina roƙonsa ya shiga cikin gida ya karanta wa tsofaffin mata: hannun Dije lafiyarsa lau. Ni na yi allurar.