Yagar da na liƙe wa Ɗanladi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan lambar Ɗanladi ta kira ni. Ban ko jira sallama ba na ce, "Tsohon banza, har yanzu mutanen Zariya ba su zo sun kwashe kayansu ba?" Haka muke gaisawa, shi Bazazzagi, ni Bakano. Sai na ji muryar 'yarsa Bilkisu: "Kawu Sale, ni ce. Baba ya cika bayan asuba."

Wannan baki nawa dai sai addu'a.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Ɗanladi makaɗin bes ne, jitar nan ta lantarki mai kauraran tsirkiya huɗu. Mun haɗu a Agege lokacin da soja suka koma bariki, biki ya buɗe ko'ina a Legas. Ina da shagon gyaran rediyo gab da layin dogo. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma a allon shagon na sa an rubuta Injiniya.

Ɗakinsa na yoyo, don haka a wurina yake ajiye sifikarsa.

Bes ɗin kowa tana cewa dum, dum. Tasa gurnani take yi, ka ji shi a haƙarƙari. Yakan sassauto da tsirkiyoyin har su kusa shafar ƙarafunan wuyan jitar, ya daki can ƙasa kusa da inda aka ɗaure su. In sun dushe ya tafasa su a tukunya, don sababbi sai mai hali. Ya taɓa ce min, "Sale, bes ba waƙa take yi ba, kashedi take yi."

Da ɗan okada ya zubar da ni daga babur a Oshodi, shi ya goya ni zuwa kemis. Da matata ta haifi tagwaye, kwana bakwai yana gadin shagona, yana faɗa wa kwastomomi wai Injiniya ya tafi taro Abuja.

To, ga abin da ya sa na yi wannan rubutu.

Wani ogan masu kiɗan juju na Yarabawa zai tafi da mutanensa Abijan, aikin wata shida, yana neman mai bes ɗaya. Mutum biyu za a gwada ranar Asabar da la'asar: Ɗanladi da wani yaro ɗan unguwar Isolo. Ranar Juma'a ina share ƙura na ga 'yar yaga a takardar sifikarsa. Na ce Allah Ya kawo ranar da zan rama alheri. Na sa gam, na liƙe ta tsaf, na mayar da ragar da ke rufe gaban sifikar, ban faɗa wa kowa ba, wai lada ya fi yawa a ɓoye.

Ashe shi ya yi yagar da reza da hannunsa. Rabin gurnanin nan daga nan yake fita.

Da ya kaɗa a wurin gwajin, sauti ya fito sumul kamar na kowa. Ya rikice, ya yi ta murɗa maɓallai, oga ya ce, "Ya isa." Aka ɗauki yaron Isolo.

Wanda ya taya shi ɗaukar sifikar a motar danfo ranar shi ne Kunle mai ganga, amininsa, kuma ɗan'uwan wancan yaron. Da suka dawo shagona, Ɗanladi ya buɗe raga ya ga gam, ya ce an gama magana, Kunle ne ya yi masa haka don ɗan'uwansa. Kunle ya yi rantsuwa da Yarabanci, ya yi da Hausa, har da kuka. Ina zaune da kwalbar gam ɗin a ƙarƙashin teburina, ina gyara rediyon da lafiyarsa ƙalau.

Na ce gobe zan faɗa. Tagwayen nan yanzu duk sun yi aure.

Ganinmu na ƙarshe a Sallar da ta wuce ne. Yatsunsa sun daina lanƙwasuwa, jitar tana jingine a bayan firji. Ya raba mana goro ya ce, "Kowa na yafe masa, Sale. Har Kunle. Amma ba na son ganinsa." Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko goron na Shagamu ne.

Kunle yana nan da rai, yana sayar da batura a Oyingbo. Bilkisu ta ce ya aiko yana tambaya ko za a bar shi ya zo sadakar uku. Na ce mata ya zo, ni zan je in ɗauko shi. Zan faɗa masa a mota, in sake faɗa a gaban iyalan Ɗanladi. In ya mare ni, kada kowa ya raba.

Allah Ya jiƙan Ɗanladi, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba Bilkisu da 'yan'uwanta haƙuri. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. In akwai ragowa ku sa ni, Allah Ya hana ni canza magana jibi.