Ƙarfen da ya ci kansa a gabana

Shekarun baya, 'yata ta gama jami'a ta ce za ta koma karatun digiri na biyu. Ni kuwa na riga na nema mata aikin koyarwa a Faskari. Maƙeri ne ni a Ƙanƙara, tukwanen alminiyon nake zubawa, kuma ba na yarda da abin da ba a jera mini daki-daki ba. Na ce ta nuna mini abin da take karantawa. In na gane ta koma, in ban gane ba ta kama aiki.

Ta kawo wasu fallayen ƙarfe biyu, sirara kamar takardar alewa, waɗanda malaminta ya ba ta. Ta ce kowanne alminiyon ne da nikel, an shimfiɗa su hawa-hawa, na ɗaya hawansa ya fi siranta.

Na bi tsarina. Da farko na duba, iri ɗaya. Sannan na auna a tafin hannu, iri ɗaya. Daga nan na ɗauko magagari zan goga gefen in ga hawan, ta riƙe mini hannu.

"Baba, gashin kanka ma katako ne a kan sirantar hawan nan."

Ta taɓa na farko da wayar batir. Kafin in ƙifta ido haske ya ratsa shi. Na biyu ya kama a hankali, ya mutu a tsakiya. Ba gawayi, ba zugazugi.

"Wa ya hura?" na tambaya.

"Su da kansu. Ƙarfen biyu ne ke haɗuwa, zafi ya fito. Mai zuwa Mairuwa daga Faskari ai zai riga mai zuwa Katsina isa. Idan hawan siriri ne, tafiyar kusa ce."

"Ƙarfe na tafiya?"

"Yana yi."

"To, a ƙara siranta shi mana."

"In sirantar ta yi yawa kuma sai ƙarfinsa ya ragu, don sun riga sun cakuɗe tun kafin a kunna."

Nan lissafina ya watse. Siriri ya fi, siriri kuma bai fi ba.

"A ina ne daidai?"

"Shi nake so in koma in nemo, Baba."

Ban gane ba, kuma bisa sharaɗina aiki ya kamata ta kama. Amma tun ina yaro nake narka ƙarfe, ban taɓa ganin wanda ya kawo wutarsa ba. Na ce ta haɗa kayanta.

Ƙonannen fallen yana nan cikin gwangwanin ƙusoshina. Wani lokaci nakan ɗaga shi a rana ina neman hawan. Har yau ban ga ko ɗaya ba.