Jinjina ga Nkhono Maseabata, Mai Rainon Saiwar Khoara

Kullum rana ta taɓa kan dutse, sai ka ga Nkhono Maseabata, wato Kaka Maseabata a yarenmu, ta fito lulluɓe da bargonta, 'yar fartanya a hannu, tana jan ƙafa zuwa bayan ɗaki. Ta share hanyoyin ruwan da ta yanka tsakanin kunyoyi, ta ɗaga busasshiyar ciyawar da ta rufe shukarta, ta leƙa, ta mayar. Shekara ashirin da shida ina kallonta ta saman katangarmu.

Khoara take raino, jar saiwar nan da muke dafa wa mai tari. A da ko'ina akwai ta a duwatsunmu na Quthing. Iyayenmu sun koya mana cewa in ka haƙa, ka karya kan saiwar ka mayar rami, ka take ƙasa a kai. Da masu manyan motoci suka fara zuwa saye buhu-buhu, wa zai tsaya mayar da wani abu? Ita kaɗai ke bin bayan mahaƙa tana tsintar gutsattsari tana dasawa a bayan ɗakinta.

"Nkhono, kin koma kaza ne?" in ji mutanen ƙauye.

"Kazar ce," ta ce. "Ranar da ƙirjinku ya fara kiɗa, kun san akurkina."

Sun kuwa sani. Shekarar da dusar ƙanƙara ta toshe hanya kwana tara, jikata Puleng ta yi tari kamar ranta zai fita. Nkhono ta tono saiwar da ta yi shekara biyar tana jira, ta dafa, ko ƙwai ta ƙi karɓa. Ke ce asibitinmu a ranar, Maseabata. Ke ce kika tuna da dutse bayan duk mun gama cinsa.

To, a watan Yunin bana, farkon sanyinmu, ta faɗi, ƙugu ya goce, ta yi sati uku a kwance. Ntate Mokhethi, wato Baba Mokhethi, tsohon makiyayin da ke ƙasa da mu, ya ce zai taimaka. Ya jibge kunyoyin da kashin tumaki, yana kwara ruwa safe da yamma kamar kabeji. Khoara kuwa ba ta shiri da laima a lokacin sanyi. Da aka tallafo Nkhono ta tona, sai ruɓa.

"Ntate, me ka yi mata?"

"Ciyar da ita na yi, Mme. Na ga ta rame."

"Barci take, wawan tsoho! Kai in na sheƙa maka ruwa a gado cikin sanyin nan, za ka yi ƙiba?"

Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka. Cikin gindi ɗari uku, sha tara suka tsira.

Ran Asabar ɗanta zai zo ya tafi da ita babban birninmu Maseru, ba kuma dawowa za ta yi ba. An kira taro don a sami mai karɓar sha taran nan. Mu uku muka je, kowa da sandarsa. Matasa duk suna birni.

Mun gode, Nkhono. Allah Ya saka miki, don mu dai mun kasa.

Ni na karɓi fartanyar. Amma shekaruna saba'in da huɗu, saiwar kuwa tana son wasu huɗu kafin ta nuna. In akwai ɗan dutsen nan mai sauran gwiwa da yake karanta wannan, ya hau mota ya zo yanzu, tun ina raye in nuna masa inda ba a zuba ruwa.